Ki Tambaye Shi Sunanta

Fukuoka, farkon Nuwamba

Yaya Bokja,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma kina shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kika ga dama ba. Ki gaida matan zumunta na coci, ki gaida 'yan layinmu na kasuwar kifi, ban da mai kaguwar nan da ke turo bokitinta cikin wurina.

To Yaya, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Gobe in 'yan ƙungiyar yawonmu sun sauka daga jirgin ruwa a gida Busan, kada ki tsaya kina leƙen bayansu, ba na ciki. Ban ɓata ba, ba a sace ni ba, aure ma ban yi ba. Da na kira ki a waya, amma kin san yadda muke ƙarewa, ina ihu kina "wa ke magana?" Shi ya sa na ba Okbun takardar nan, tunda ita kullum tana kan ruwa da kayan fataucinta.

Yara sun ce in zo Japan in jiƙa ƙasusuwana a ruwan zafi. Na jiƙa, Yaya. Na jiƙa har na yi laushi kamar kabejin da ya kwana a gishiri. Ranar Lahadi aka sake mu a cikin gari, matan suka ruga kantuna sayen tukunyar shinkafa, ni kuwa na ce ba zan yi Lahadi ba sujada ba. Ina tafe ina dube-dube sai na ji waƙar nan da muke yi a coci lokacin baiko tana fitowa daga saman shagon gyaran keke. Kalmomin nasu ne, amma muryar tamu ce sak. Na haye benen. Cocin gaba ɗayansa bai kai ɗakin ajiye takalman cocinmu ba.

Ana tashi sai na ga kowa ya naɗe hannun riga an shiga kicin. Na leƙa, me zan gani? Wani saurayi mai tabarau yana wulaƙanta kifi. Yana sara shi kamar sun yi faɗa. Haba! Ban san lokacin da na fizge wuƙar ba. Sai na ji wata mata a bayana ta ce da harshenmu, "Inna, daga Busan kike?"

Na ce, "Me ya nuna?"

Ta ce, "Ba mai ƙwace wuƙa a hannun mutum ba sallama sai ku."

Ashe ita ce faston. Mace, Yaya, ki rufe bakinki. Sunanta Fasto Hamasaki, uwarta 'yar ƙasarmu ce daga tsibirin Jeju, shi ya sa take jin maganarmu. Kullum da hantsi suna kai abinci lambun da ke bakin kogi, wurin mutanen da ke kwana a waje cikin rumfunan tamfol. Na ɗauki tukunya na bi su, kuma daga ranar ban koma otal ba sai don in kwaso jakata. Yanzu a bayan kicin nake kwana, kusa da buhunan shinkafa, kuma rabona da barci mai daɗi irin wannan tun ina budurwa.

Ki zo ki ga layi! Maza ne manya-manya, yawanci tsofaffin leburori, kowa ya cire hula, kowa ya rusuna, tsit kamar ana jana'iza. A tashar jirginmu da tuni an yi dambe biyu an ɓarar da miya. Ni dai ba zan iya shirun nan ba. Ina zuba musu ina cewa, "Ci mana! Ƙaro kwanon! Kai mai gemu, wannan cin na kaza ne!" Ba sa jin ko kalma ɗaya, amma sun fara dariya. Sun sa mini suna Inna Busan.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Tsoho Kuroiwa. Ba ya shiga layi. Yana zaune can gefe kusa da amalankensa na gwangwanaye har kowa ya gama, sannan ya ɗauki tsintsiya ya share wurin tas, ya rusuna wa Fasto, ya tafi da cikinsa wayam. Wai shi ba ya karɓar abin da ba zai iya ramawa ba. Ga tari, Yaya, irin wanda kike ji tun daga ƙasan ƙirji. Likitan da ke zuwa duba su kyauta ya ce ƙirjin nan ba zai ƙara ɗaukar wani hunturun a waje ba. Cocin yana da ɗan ɗaki a baya, ga tabarma ga bargo ga abin ɗumama ɗaki, babu kowa a ciki. Tun bazara da ya bayyana a lambun Fasto ke roƙonsa ya shiga, shi kuwa sai rusunawa.

Amma yana da abin duniya, kada ki ji tausayinsa da yawa. Akwai wani akwati a kan amalanken, an naɗe shi da ɗankwali mai furanni, an sa leda a sama. In ya zauna a benci sai ya sauke shi ya ajiye kusa da shi. Shekaranjiya da aka yi ruwa, akwatin ya riƙe wa lema, shi ya jiƙe sharkaf. Na tabbata tukunyar shinkafa ce irin mai tsadar nan da matanmu ke rububi.

To ki ji da kyau. Ni Malsun, ba zan hau jirgi ba sai tsohon nan ya ci abincina kuma ya shiga ɗakin nan. Ki aiko mini da kimci, jiƙaƙƙen kabejin nan namu mai yaji, da garin barkono ta hannun Okbun, abincinsu duk kamar na majinyata ne.

Ki huta lafiya. Ubangiji ya tsare.

Ƙanwarki,
Malsun

*

Busan, Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Malsun,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Na karɓi takardarki a bakin tasha, bayan na gama tsayuwa a cikin iska da rigar sanyinki a hannu ina ƙirga kawunan mata.

Ban yi mamaki ba. Tun kina ƙarama in an aike ki sayen gishiri sai a same ki kina raba faɗa a wata unguwa. Amma ina so ki tuna abu biyu. Na farko, masu kwanan waje ba su ƙare a tashar jirgin Busan ba, da sai ki ce kin tsallaka teku nemansu. Na biyu, wannan tsibirin da kike dafa wa mutanensa kifi, a ramin kwal ɗinsa Babanmu ya bar lafiyar huhunsa. Ke ba ki da wayo lokacin da yake tarin. Ni nake wanke masa tsumman. Ban ce ki ƙi su ba, Ubangiji bai ba mu wannan izinin ba. Na dai ce ki tuna.

Kabeji ya fara shigowa kasuwa, kowane gida an sa ranar haɗa kimcin hunturu, mu ne kawai ba mu sa ba. Surukarki tana riƙe da wurinki, tana yanka kifi a karkace, masu saye suna tambaya ko mutuwa kika yi. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Batun tsohon nan kuma, ki bi a hankali. Ba kowa ake ciyarwa da ƙarfin tsiya ba. Na san hannunki, kin tura wa mijinki abinci har ya roƙi likita ya rubuta masa takardar hani.

Ga kimci da barkono wurin Okbun. Don ke na aiko, ba don su ba. Mace fasto kuma, zan yi shiru.

Ki dawo kafin ƙarshen wata. Ubangiji ya ba ki hankali.

Yayarki,
Bokja

*

Fukuoka, tsakiyar Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Saƙo ya iso, kuma duk abin da kika faɗa game da Baba na ji, ban manta ba. Amma bari in fara da mai daɗin, domin akwai mai daɗi akwai marar daɗi, kuma a kwano ɗaya suka zo.

Kimcinki ya tada lambun nan tsaye! Kin ce don ni kika aiko, to ki yi haƙuri, an cinye. Na dafa shi da naman alade da wake, ja wur. Fasto ta leƙa tukunyar ta ce, "Inna, kashe mini su za ki yi." Na ce, "A'a, tada su zan yi." Yaya, da kin ga gumi! Da kin ga hawaye! Mai gemun nan yana fifita harshe da hula yana miƙo kwano a ƙara masa. Wani marar haƙori ya ce a gaya mini rabonsa da jin yatsun ƙafarsa tun bara. Ranar sai da aka yi surutu a layi, har da rigima kan wa ya riga wa. Na ce yawwa, yanzu kun zama mutane.

Tsoho Kuroiwa kuwa dabara na yi masa. Tunda ya ce ba ya cin abin da ba zai rama ba, sai na kwashi wuƙaƙen cocin, duk sun dakushe ko tuwo ba za su yanka ba, na je na zube masa a gaba. Na nuna bakinsu, na ɗaga hannu sama kamar mai kuka. Ya kalle ni, ya kalli wuƙaƙen, ya yi tsaki. Tsakin nan kam iri ɗaya ne da namu. Ya laluba cikin amalanke ya zaro dutsen wasawa. Yaya, mutumin nan ya iya hannu. Ya miƙo mini ta farko na gwada a gashin hannuna, sai ga shi yana zuba. Washegari na kawo masa tiren abinci na ce Fasto ta gaya masa wannan ba sadaka ba ce, ladan aiki ne, kuma a Busan wanda ya ƙi karɓar ladansa zagi ya yi.

Ya zauna. Ya haɗa tafin hannu. Ya ci! Na ji kamar in taka rawa a tsakiyar lambun. Sai da Fasto ta riƙe mini gefen riga. Haka muka yi ta yi, yau wuƙa, gobe hannun tukunya, jibi ƙafar tebur da ni da kaina na kwance ta. Har na fara zama kusa da shi da nawa kwanon, ni a hagu, akwatinsa a dama. Ina ba shi labarin mai kaguwa da harshenmu, yana amsa mini da nasa, kowa ya gamsu. Fasto ta ce ranar Lahadi za ta sake yi masa maganar ɗakin, tana ganin wannan karon zai yarda.

To ranar Asabar aka kawo mana kifi mai kyau, na gasa. Na zaɓi mai maiƙo na zare masa ƙaya tas, yadda nake yi wa mijina, yadda Innarmu take yi mana. Na ɗauki tsokar da tsinkayena na cin abinci zan ɗora masa kan shinkafa. Shi kuma ya ɗago nasa tsinkayen, ina jin cewa zai yi ya isa. Ni kuma, kin san hannuna, sai na cusa masa a tsakanin tsinkayen na ce, "Riƙe mana!" Ya riƙe. Ni ma ban saki ba. Tsoka ɗaya, nawa tsinkayen a gefe, nasa a gefe.

Mai gemu ya ajiye kwanonsa. Na dubi tsohon, fuskarsa ta koma fari fat, ya kafa wa kifin nan ido kamar ba kifi yake gani ba. Can ya sauke shi a hankali kan shinkafar, ya miƙe, ya rusuna mini har ƙasa. Ya ɗauki akwatinsa ya rungume, ya tura amalanke da hannu ɗaya ya fice. Ko tsintsiyarsa bai ɗauka ba.

Na ce, "Fasto, me na yi?"

Ta ja ni bayan mota ta ce, "Inna, a nan mutum biyu ba sa riƙe abu ɗaya da tsinkaye sai a wuri guda. In an ƙona mamaci, dangi kan tsaya biyu-biyu su ɗauki ƙasusuwansa tare su sa a tulu. Ko yaro ba a bari ya yi haka a kan abinci."

Wayyo ni, Yaya. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutum mai tari irin wannan, na miƙa masa alamar mutuwa a gaban jama'a, da bakina har kunne. Tun ranar bai dawo ba. Ya kwance rumfarsa, babu wanda ya san inda ya nufa. Ga sanyi ya sauko, yau da safe ruwan bokitin waje ya yi ɓawo. Kullum in mun gama rabo sai in cika filas da romo in bi bakin kogin ina leƙa ƙarƙashin gadoji. Raina ya ɓaci, ba na ɓoye miki. Garin neman gira na rasa ido.

Kada ki jira ni da kabejin. In tsohon nan ya mutu a wani lungu, ni na kore shi.

Ki yi mini addu'a.

Malsun

*

Busan, Nuwamba

Malsun,

Salama. Na karanta takardarki sau biyu, na kuma ɗauko ta farkon na sake karantawa.

Ki share hawaye ki saurare ni, tunda Allah ya ba ki ƙafa ni ya ba ni kai. Mutumin da aka zaga ba ya rusunawa har ƙasa. Da haushi ya ji da ya yi miki tsakin nan da kika ce ya iya. Ba zaginsa kika yi ba. Tuna masa kika yi.

Kuma wace irin tukunyar shinkafa ake riƙe wa lema? Wace tukunya ake zaunarwa a benci a gefen dama? Ɗankwali mai furanni na wa ne? Haba Malsun. Shekarar da na rasa mijina, hularsa tana kan matashinsa har bazara ta zagayo, kuma ke ce kike yi mini faɗa a kai. Akwai mutum a cikin akwatin nan.

In kin same shi, kada ki tura masa romo, kada ki yi ta ba da haƙuri kina buga ƙirji, kunya za ki ƙara masa. Kada ki yi maganar ɗaki. Ki sa faston nan taki ta koya miki tambaya ɗaya da harshensu. Ki zauna, ki rufe bakinki in zai rufu, ki tambaye shi sunanta. Mu da muka rasa namu, kowa na tambayarmu ko mun ci abinci. Ba mai ambaton sunan.

Ƙunshin da Okbun za ta ba ki rigar sanyin marigayi mijina ce, mai audugar nan da yake sawa in zai fita teku. Tana cin wuri a akwati. Kada ki yi mini wani dogon bayani a kai.

Kabeji na sa masa gishiri, matan zumunta za su taya ni. Sun kuma sa tsohon naki cikin addu'ar asuba. Mai kaguwa ma ta ce amin.

Yayarki,
Bokja

*

Fukuoka, farkon Disamba

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da godiya ga Ubangiji, sannan gare ki. Na same shi! Na same shi, Yaya, da ransa!

Mutanen layi ne suka taimake ni. Mai gemu ya ce duk inda tsohon ya shiga dole ya kai gwangwanayensa wurin mai awon da ke sayensu, sai suka raba kansu, kowa ya tsare wuri guda. Ranar Talata da safe marar haƙorin nan ya zo kicin a guje yana haki yana nuna teku. Na cire gyalen aiki, na ɗauki ƙunshinki, na bi shi har bayan wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Ga shi nan a zaune kan kwali, ya rame, ya naɗe jikinsa da leda. Akwatin kuwa a cikin bargonsa yake, bargo ɗaya tilo da ya mallaka.

Na yi yadda kika ce. Kin san abin da ya ci mini, amma na yi. Na zauna a ƙasa, ban ce uffan ba, har gwiwoyina suka fara ƙara. Sannan na nuna akwatin da tafin hannu, na faɗi abin da Fasto ta yi ta maimaita mini har na haddace.

Ya daɗe bai motsa ba. Na ce shi ke nan, na sake kwafsawa. Sai na ji ya ce, "Tomie."

Na ce, "Tomie."

Yaya, kamar na fasa madatsar ruwa. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa kalma biyar ba, ya yi ta magana, yana tari yana magana, yana dariya yana share ido. Ban ji ko ɗaya ba, amma na yi ta cewa "Allah sarki" a inda ya dace. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne na tura marar haƙori ya ɗauko Fasto.

Matarsa ce. Tare suka rasa ɗaki bayan ya faɗo daga kan gini bayansa ya lalace, tare suka yi zaman tamfol a wani gari. Ita ce mai surutun, wai har ta fi ni, ban yarda ba. Farkon bazara ta rasu a asibiti. Da aka ƙona ta aka fito da ƙasusuwan, ma'aikacin wurin ya miƙo tsinkaye na mutum biyu, ya dubi bayan tsohon yana jiran sauran dangi su shigo. Babu kowa. Shi kaɗai ya tsince ta, daga ƙafa har kai. Ya ce ranar da tsinkayena suka riƙe tare da nasa, sai ya ji nauyin ya ragu a hannunsa, ya ce a ransa ashe haka ya kamata a yi wa Tomie. Shi ne ya kasa zama.

Fasto ta ce, "Shi ya sa ka ƙi ɗakin?"

Ya ce, "In shiga ɗumi in kwanta, ita ko wurin kwanciya ba ta da shi?"

Ashe cocin yana da kabari guda a kan tudu bayan gari, inda suke sa mutanen lambun da suka rasu ba dangi. Fasto ta ce akwai wuri. Ya ce ai Tomie ba Kirista ba ce. Ta ce, "Ba a tambayar kati a ƙofar." Ya ce ba shi da abin da zai rama da shi. Nan fa bakina ya ƙwace. Na ce, "Fasto, gaya masa kabarin nan ciyawa ta cinye shi, abin kunya ne, kuma duk cocin ba wanda ya san yadda ake riƙe lauje!" Ni ko ganin kabarin ban taɓa yi ba. Fasto ta harare ni, amma ta fassara, kuma da muka je na tarar ban yi ƙarya ba.

Sai ya ce yana da roƙo ɗaya. A kabarin ana juye ƙasusuwa daga tulu zuwa jakar farin ƙyalle don su koma ƙasa. Ya ce kada a juye ta kamar tsakuwa. A ɗauke ta da tsinkaye, mutum biyu, kuma Inna Busan ce za ta riƙe ɗaya gefen.

Na tuna ke, na ce Yaya za ta ce na shiga al'adar da ba tamu ba. Na tambayi Fasto, ta ce, "Inna, Yusufu ma sai da ya roƙi 'yan'uwansa su ɗauki ƙasusuwansa su fita da su daga Masar. Wani ne ya ɗauka da hannu." Na ce to, a ba ni tsinkayen.

Jiya aka yi, da rana tsaka. Ki ga mutanen layi, Yaya! Kowa ya wanke fuska, mai gemu ya aske gemun har ban gane shi ba, wani ya samo taye ya ɗaura kan rigar sanyi. Suka cika motar cocin har da zama kan cinya. Aka shimfiɗa farin ƙyalle, tsohon ya kwance ɗankwalin ya ninke ya sa a ƙirji. Aka miƙo mana tsinkaye. Ya dube ni ya gyaɗa kai, muka ɗauka tare. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Bayan mun ɗauki na farko sai ga maza sun yi layi a bayanmu, biyu-biyu, ba wanda ya ce su yi. Ƙaramin ƙashin wuya aka bari na ƙarshe, shi da ni muka sa. Fasto ta yi addu'a, suka ɗauki waƙa da harshensu, na bi da namu, na fi kowa ƙara. Na yi kuka har majina, ba na jin kunyar faɗa.

Rigar kuwa sai da muka yi kokawa. Ya ce a'a, ya ja baya, na kama hannu na zura masa, na ce wannan ba tawa ba ce, ta Yayata ce, in yana da ƙarfin hali ya je Busan ya mayar mata da kansa. Fasto ta gaya masa ta marigayi mijinki ce, kuma ke ce kika ce in yi masa tambayar nan. Ya tsaya yana shafa hannun rigar.

Amma ɗakin, Yaya, har yanzu bai ce komai ba. Daga tudun ya tura amalankensa ya tafi, kuma an ce dusar ƙanƙara na tafe cikin makon nan. Na ce zan je in ɗauko shi ko a kafaɗa ne. Fasto ta ce, "Inna, kin yi naki. Muddin kina tsaye a ƙofar nan da ludayi, kunya ba za ta bar shi ya shiga ba. Ki tafi gida." Na yi rantsuwa ba zan hau jirgi ba sai ya shiga, ga shi an ce hawa jirgin nawa ne zai shigar da shi. Ban so ba, amma zan bi Okbun jibi. Na bar ɗakin a share, na cusa kwalbar ruwan zafi cikin bargon, ko da yake na san za ta huce.

Ki ajiye mini kimci, ki kuma ce wa mai kaguwa ta janye bokitinta.

Sai na zo. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki,
Malsun

*

Fukuoka, makon Kirsimeti

Zuwa ga Uwargida Bokja,

Ina gaishe ki da girmamawa a wannan lokaci na sanyi. Fasto ce ke rubutawa, ni nake faɗa. Ki gafarta wa wanda ba ki taɓa gani ba da ya dame ki da takarda.

Dusar ƙanƙara ta sauka. Ta taga na gan ta. Ɗakin yana da ɗumi, tarin ya ragu. Na gama nome rabin tudun. Ki gaya wa Inna Busan wuƙaƙenta suna nan da kaifi, kuma layi ya koma shiru, mutane suna tambayarta.

Rigar ta yi mini tsawo a hannu, amma ban naɗe ba, ban kuma yanke ba. Mai ita dogon mutum ne. Akwai ɗinki a aljihun hagu da aka yi da zare biyu, na gane hannunki ne.

Ba ni da abin da zan rama miki da shi. Tambaya ɗaya ce kawai, in ba za ta yi miki nauyi ba.

Mene ne sunansa?

Ki kula da gwiwarki.

Kuroiwa